Maƙeri da Wuƙarsa: Alhakin Mai Ilmi

Tun zamanin da mutane su ke gardama a kan maƙeri da wuƙarsa. Maƙeri ya hura wuta, ya ƙera wuƙa, ya kai ta kasuwa. Mahauci ya saya ya yi fawa da ita, jama'a su ci nama. Wani kuma ya sayi 'yar'uwarta, ya tare hanya da dare, ya soki fatake. In aka kai ƙara, ba a taɓa jin alƙali ya aika a kamo maƙeri ba, don kowa ya san wanda ya yi sukan shi ke da laifi. Wannan hukunci daidai ne, ba mai ja da shi. Amma fa a zamanin nan an sami waɗansu irin maƙera da su ka ajiye guduma da zugazugi, su ka ɗauki kwalabe da ma'auni, suna aiki cikin ɗakunan gwaji, abin da kuwa ya fito daga hannunsu ya kan ciyad da al'umma ko ya hallaka ta. Su ne masana ilmin sinadari, wanda 'yan makaranta ke kira kemistiri, watau ilmin sanin abin da aka gina kowane abu da shi, da yadda za a raba shi ko a haɗa shi da wani. Abin da mu ke so mu duba shi ne, ko hukuncin da ya wanke maƙeri ya isa ya wanke su. Ba a raba irin wannan gardama da baki kawai, sai an kawo mutum a tsai da shi a duba aikinsa. Babu kuwa wanda ya fi dacewa da a tsayar kamar wani Bajamushe, Fritz Haber.

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san irin matsalar da ya tarar. Kowane tsiro yana bukatar wani sinadari da a ke kira naitirojin, in babu shi ganye ya yi ɗorawa, zangarniya ta ƙi cika. Abin mamaki, kashi 78 cikin 100 na iskar da mu ke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya ɗibarsa daga iska, don ƙwayoyinsa biyu biyu su ke tafiya, a ɗaure tamau. Sai in tsawa ta raba su, ko waɗansu ƙananan halittu da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa da itacen gawo. Manomi bai san sunan sinadarin ba, amma ya daɗe da sanin gero ya fi kyau a gindin gawo, ya kuma san gonar da ta gaji a kan zuba mata taki ko a shuka mata wake. Sa'ad da mutanen Turai su ka yi yawa, takin dabbobinsu ya kāsa, sai su ka shiga ɗebo kashin tsuntsaye daga tsibiran Peru, da wani irin gishiri daga hamadar Atakama. Har yaƙi aka yi a kan wannan gishiri daga 1879, ƙasar Cile ta ci Peru da Bolibiya, Bolibiya ta rasa bakin tekunta har yau. Cikin 1898 wani masani na Ingila, William Crookes, ya tsaya gaban taron masana a birnin Bristol ya yi gargaɗi, cewa gishirin nan zai ƙare, alkama za ta kāsa wa masu cinta, sai fa in masana sinadari sun gano dabarar kamo naitirojin daga iska.

An haifi Haber cikin 1868 a birnin Breslau, wanda yau ya ke cikin ƙasar Polan. Ubansa Bayahude ne, attajiri mai cinikin kayan rini. Yaron ya yi karatu, ya bar addinin iyayensa ya shiga Kirista, ya zama malami a makarantar fasaha ta Karlsruhe, ya kuwa ƙaunaci Jamus ƙauna mai tsanani. A can ne, cikin watan Yuli na 1909, shi da mataimakinsa Robert Le Rossignol, mutumin Birtaniya, su ka nuna an iya tilasta wa naitirojin na iska ya haɗu da haidirojin, su zama amoniya. Dabarar ita ce a matse iskokin biyu matsi wajen ninki 200 na nauyin iskar duniya, a ɗora musu zafi wajen digiri 500, sa'an nan a bi da su ta kan wani ƙarfe. Aikin ƙarfen nan kamar na dillali ne a kasuwa: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ya tashi yadda ya zauna. Abin da Haber ya yi a bisa tebur, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mai da shi masana'anta, abokin aikinsa Alwin Mittasch kuma ya yi dubban gwaje-gwaje har ya sami dillali mai araha daga baƙin ƙarfe. Cikin 1913 aka buɗe masana'anta ta farko a Oppau.

Daga wannan amoniya a ke yin takin zamani. Cikin 1900 mutanen duniya ba su wuce miliyan 1,600 ba da yawa, cikin 2022 kuwa su ka cika miliyan 8,000, masana kuma sun ƙiyasta kusan rabinsu da abincin da takin nan ya fitar su ke rayuwa. Buhun yuriya da manomi ke ɗaurawa a bayan babur ran kasuwa, jikan wancan gwaji ne na Karlsruhe, haka kuma babbar masana'antar taki da aka buɗe a Lekki cikin 2022. Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce ba a yi mutane da yawa da su ka amfani 'yan Adam kamar Haber ba, mu rufe littafi.

To, amma cikin 1914 yaƙi ya tashi. Jiragen ruwan Ingila su ka tsare teku, gishirin Cile ya daina isa Jamus, alhali kuwa da shi a ke yin albarushi da nakiya. Sai aka juya amoniyar Oppau aka riƙa yin kayan yaƙi da ita, Jamus ta ci gaba da harbi shekara huɗu. Wannan dai ana iya cewa wuƙar maƙeri ce ta faɗa hannun wani, ko da ya ke Haber da kansa ya taimaka wajen shirya al'amarin. Abin da ya biyo baya shi ne babu mai iya ɗora wa wani. Sojoji sun haƙa ramuka tun daga bakin teku har iyakar Suwizalan, an kafe, ba mai iya tura wani. Haber, wanda a lokacin ya ke shugaban wata babbar cibiyar bincike a Berlin, ya kawo shawara a kore abokan gaba daga ramukansu da iskar kulorin. Ya san halinta sarai. Ta fi iska nauyi ninki biyu da rabi, saboda haka ta kan bi ƙasa ta gangara cikin rami, in kuwa ta shiga huhu sai ta ƙone shi, ya cika da ruwa, mutum ya nutse yana bisa tudu. Shi ya tara ma'aikata, shi ya horad da su, shi ya je bakin daga ya duba yadda aka binne tukwanen. Ran 22 ga Afrilu, 1915, da la'asar, kusa da garin Ypres na Beljiyam, aka buɗe tukwane fiye da 5,000, kulorin fiye da ton 150 ta tashi kamar hazo, kore-kore ɗorawa-ɗorawa, iska ta kora ta. Waɗanda ta fara cim ma sojan Faransa ne, da mutanen Aljeriya waɗanda aka ɗebo daga ƙasarsu su yi yaƙin da ba nasu ba.

Kwana goma bayan wannan, matarsa Clara Immerwahr ta harbe kanta da bindigarsa a gidansu na Berlin. Ita ma masaniyar sinadari ce, ita ce mace ta farko da ta sami digirin dakta a jami'ar Breslau, cikin 1900. Masana tarihi sun saɓa a kan abin da ya kai ta ga haka, waɗansu su ce baƙin cikin aikin mijinta, waɗansu su ce zaman auren ne ya daɗe da ɓaci. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne, Haber bai zauna makoki ba, ya kama hanyar bakin daga na gabas don a yi wa Rashawa irin abin da aka yi a Ypres.

Yanzu sai mu ji hanzarin da aka kawo masa, da wanda ya kawo wa kansa, mu auna su ɗaya ɗaya, don har gobe su ne a ke kawowa.

Na farko, an ce ilmi ba ruwansa da alheri ko sharri, mai amfani da shi ke da niyya. Akwai gaskiya a nan, kulorin ɗin ma shaida ce. Tun 1908 aka fara zuba ta cikin ruwan famfo na birnin Jersey a Amurka, ta kashe ƙwayoyin zazzaɓin taifot da na kwalara, har yau kuwa da ita a ke tsabtace ruwan sha a birane. Gishirin takin da ke cika rumbu shi ne ya fashe a Oppau cikin 1921 ya kashe mutum fiye da 500, shi ne kuma ya fashe a tashar jiragen ruwa ta Bairut cikin 2020 ya kashe fiye da 200. Lalle sinadari ba shi da niyya. Amma wannan magana kulorin ta wanke, ba ta wanke mutumin da ya zauna ya lissafa yawan da zai isa kisa, ya jira iska ta juyo ba. Maƙerin da alƙali ya sallama shi ne wanda ya sayad da wuƙa bai san inda za ta ba. Wanda ɗan fashi ya zo ya ce masa, ƙera mini wadda za ta huda haƙarƙari, ya ƙera, ya wasa, ya raka shi har bakin hanya ya nuna masa inda zai laɓe, wannan ya tashi daga maƙeri ya zama abokin fashi.

Na biyu, an ce ƙasarsa ce ta kira shi. Haber ya kan ce masani na duniya ne a lokacin salama, amma in yaƙi ya zo na ƙasarsa ne. Kishin ƙasa abin yabo ne, wanda kuwa ya ƙi kare gidan ubansa ba a kiransa mutumin kirki. Sai dai ko yaƙi yana da iyaka, Jamus kuwa da hannunta ta sa wa takardun birnin Hague na 1899 da 1907, waɗanda su ka hana yaƙi da guba. Aka ce wai takardar 1899 harsashi mai guba ta ambata, ba ta ambaci tukunya ba. Wannan irin wayo ne na wanda aka hana shi shiga ta ƙofa ya haura ta katanga, ya ce bai karya doka ba. Ban da haka, ƙasar da ta kira Haber ta kira waɗansu, ba duka su ka amsa ba. Otto Hahn da James Franck da Gustav Hertz sun shiga rundunarsa, dukansu kuwa daga baya sun sami lambar Nobel, amma Max Born ya ƙi. Hermann Staudinger, wani Bajamushe masanin sinadari da ke koyarwa a Zurich, ya fito fili ya yi rubutu yana sukar yaƙi da guba, Haber ya husata da shi ƙwarai. Tun da ya ke an sami waɗanda su ka ƙi, ashe ƙin yana yiwuwa, wanda ya yarda kuwa da zaɓinsa ya yarda.

Na uku, ya ce gubar za ta gajarta yaƙi, ta haka a ceci rayuka, mutuwa kuma mutuwa ce, ko ta harsashi ko ta hayaƙi. Kwanaki su ka ƙaryata shi. Cikin watan Satumba na wannan shekara Ingilishi su ka rama da kulorin a Loos. Aka ƙago abin rufe fuska, sai aka ƙago gubar da ta fi, aka kawo fosjin, cikin 1917 kuma aka kawo wadda ke sa jiki ya yi bororo, ido ya makance. Yaƙi bai ƙare ba sai ran 11 ga Nuwamba, 1918, shekara uku da rabi bayan Ypres, ana kuwa ƙiyasta guba ta kashe wajen mutum 90,000, ta raunata fiye da miliyan ɗaya. Kuskuren wannan hanzari shi ne, mai kawo shi yana zaton shi kaɗai ke da ilmin. Alhali ilmin sinadari ba shi da ƙabila, abin da aka gano a Berlin yau, gobe an gano shi a Landan. Wanda ya buɗe irin wannan ƙofa ya buɗe wa kowa ne, har da wanda ba a haifa ba tukuna. Italiya ta zuba wa mutanen Habasha guba cikin 1935 da 1936, gwamnatin Iraƙi kuma ta zuba wa garin Halabja cikin 1988, dubban mutane su ka mutu yini ɗaya, galibinsu ba soja ba.

Na huɗu, an ce ko bai yi ba wani zai yi, an kuma nuna Faransawa sun riga sun jefa barkonon tsohuwa tun 1914. Wannan hanzari yana da daɗi a baki, amma wuƙa ce mai kaifi biyu. Amoniyar ma ai waɗansu suna binta. Henry Le Chatelier na Faransa ya gwada cikin 1901, tukunyarsa ta fashe ya bari, Walther Nernst kuma yana kan aikin a Jamus. In dai "wani zai yi" ya isa ya ɗauke wa mutum laifin Ypres, to, ya isa ya ɗauke masa yabon Karlsruhe. Ba a yarda mutum ya ce alherin nawa ne ni kaɗai, sharrin kuwa na zamani ne.

Saura hanzari ɗaya, shi ne ya fi duka nauyi, ya kuwa kamata mu dakata a kansa. Mai hankali zai ce, a kawo ma'auni. A ɗora dubban da guba ta kashe a hannu ɗaya, a ɗora miliyoyin da taki ya ciyar a ɗayan, a ga inda zai rinjaya. Kusan haka masana na Suwidin su ka yi, da su ka ba shi lambar Nobel ta 1918 saboda amoniya, mutane da yawa a Faransa da Ingila su ka yi tir. In ana maganar lissafi, ba shakka taki ya rinjaya nesa ba kusa ba. Amma alhaki ba ya bin wannan lissafi. Wanda ya ci bashin maƙwabcinsa na gabas bai fita daga bashin ba don ya yi wa na yamma kyauta, kome girman kyautar. Mutumin Aljeriyan da ya shaƙe cikin rami ba a shawarce shi ba, ba a kuwa ce masa ransa ne kuɗin abincin waɗansu ba. Hasali ma ba a sayi ɗayan da ɗayan ba, gama amoniya ta riga ta samu shekara shida kafin Ypres, da Haber ya zauna gida da ba a rasa buhun taki ko ɗaya ba. Ayyuka biyu ne dabam, kowane da hukuncinsa. Sai mu gode masa a kan na farko iyakar godiya, mu zarge shi a kan na biyu iyakar zargi, kada mu bari ɗaya ya haɗiye ɗaya. Zuciya ba ta son wannan, ta fi son a ce mata mutum nagari ne ko mugu, ta huta. Amma wanda ya saba yafe wa gwani don gwanintarsa, yana koya wa gwanayen gobe cewa ilmi lasisi ne.

Ƙarshen Haber abin tausayi ne. Bayan yaƙi ya yi shekaru yana neman tace zinariya daga ruwan teku don Jamus ta biya tarar da aka ɗora mata, ya tarar zinariyar ba ta taka kara ta karya ba. Cikin 1933 Hitler ya hau, aka kafa dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati, aka umurce shi ya sallami ma'aikatansa. Ya ajiye aiki, ya bar ƙasar da ya ba ta kome, ya mutu a masauki a birnin Basel ran 29 ga Janairu, 1934. Wani maganin kashe ƙwarin hatsi da cibiyarsa ta sa hannu cikin bincikensa, shi aka gyara daga baya ya zama Zyklon B, wanda 'yan Nazi su ka kashe mutane da shi a Auschwitz, cikin waɗanda su ka hallaka a sansanonin nan kuwa har da danginsa. Wannan kam ba za a ɗora masa ba, don bai nufa ba, bai kuwa rayu ya gani ba. Daga nan ma za mu gane alhakin masani hawa hawa ne.

Labarin wani Ba'amurke, Thomas Midgley, ya nuna hawan nan a fili, don shi kaɗai ya taka biyu. Wajen 1930 ya fitad da wata iska ta sanyaya firiji, Freon, wadda ba ta kama wuta, ba ta kuwa da guba, a zamanin da iskar firiji in ta tsiyaya ta kan kashe mutanen gida. Kowa ya yi murna. Sai cikin 1974, shekara talatin bayan mutuwarsa, Mario Molina da Sherwood Rowland su ka gano irin wannan iska tana hawa sama tana cin rufin ozon, wanda ke tare mana hasken rana mai cutarwa, har ƙasashe su ka taru a Montreal cikin 1987 su ka yi alkawarin dainawa. A nan Midgley maƙerin kasuwa ne, ba mai kama shi. Amma tun 1921 ya gano in an zuba wani sinadarin dalma cikin fetur injin mota ya kan daina ƙwanƙwasa. Dalma kuwa tun zamanin Rumawa aka san guba ce, mu ma mun ga aikinta a Zamfara cikin 2010, inda ƙurar haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Midgley da kansa ya sha jinyarta cikin 1923. Duk da haka, cikin Oktoba na 1924, bayan ma'aikata biyar sun haukace sun mutu a masana'antar Bayway, ya tsaya gaban 'yan jarida ya wanke hannunsa da sinadarin, ya shaƙi tururinsa, don ya nuna ba kome. Aka sa wa fetur ɗin suna Ethyl, aka kauce wa ambaton dalma. Duniya ta shaƙi hayaƙin nan shekara kusan ɗari, yana dakushe ƙwaƙwalwar yara, ba a daina sayad da shi wa motoci ƙaƙaf ba sai cikin 2021, da Aljeriya ta ƙarad da nata.

Ga hawa uku ke nan. Akwai cutar da masani bai sani ba, ba shi kuwa da hanyar sani, wannan ba laifinsa ba ne, sai dai wajibinsa ya ci gaba da dubawa, in ta bayyana ya faɗa. Akwai cutar da ya sani ko ya yi zato, ya rufe bakinsa saboda albashi ko suna, wannan cin amana ne. Akwai kuma wadda ya nufa da gangan, wannan kisan kai ne ko da an yi masa ado da tuta. Abin da ya raba masani da maƙeri shi ne, kowa ya ga wuƙa ya san wuƙa ce, ya san yadda zai kauce mata. Amma farin gari cikin buhu, ko ruwa cikin kwalba, ba mai sanin abin da ke ciki sai wanda ya haɗa. Manomin da ya sayi maganin feshi, da uwar da ta ba ɗanta na tari, sun miƙa wuyansu ne ga mutumin da ba su taɓa gani ba. Gwargwadon yadda jama'a ba su iya bincikar aikinka, gwargwadon nauyin amanar da ke kanka.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ilmi abin gudu ne. Gubar da masana su ka kawo, masana ne su ka gano ta. Clair Patterson yana auna shekarun duniya ne ya lura dalma ta gama ko'ina, ya buga sakamakonsa cikin 1965, ya yi hasarar kuɗin bincike saboda haka, bai janye ba. Yarjejeniyar Janeba ta 1925 ta hana amfani da guba a yaƙi, ta 1993 kuma, wadda ta fara aiki cikin 1997, ta hana ƙera ta da ajiye ta, ƙasashe 193 su ka shiga. Masana sinadari ne su ka bi rumbunan makamai suna ƙirgawa suna lalatawa, hukumarsu ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya cikin 2013, cikin Yuli na 2023 kuma aka lalata na ƙarshe cikin makaman da ƙasashe su ka bayyana. Har yanzu akwai aiki jingim. Takin nan da ya ciyad da duniya, rararsa tana bin koguna tana kashe kifi a bakin teku, yin sa kuma yana cin makamashi mai yawa, ana neman wanda zai gano hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ana neman mai auna ruwan rijiya, da mai gane jabun magani, da mai faɗa wa manomi gaskiyar abin da ƙasarsa ke bukata.

Saboda haka saurayi ko budurwar da ke shirin shiga wannan sana'a, ga abin da za su riƙe. Kafin ka karɓi aiki, tambayi abin da za a yi da shi, don "ban tambaya ba" ba ya zama hanzari ga wanda aka koya wa tambaya. In ka ga cuta, faɗa wa wanda ya sa ka, in ya ƙi ji, faɗa wa wanda cutar za ta sama. Lambar da ma'auni ya nuna, rubuta ta yadda ta ke, ko da za ta ɓata wa maigida ciniki. Ka kuma yanke wa kanka tun kana ɗalibi irin aikin da ba za ka taɓa yi ba, kome kuɗinsa, kowa kuwa ya aiko, gama ran da aka buga tambarin yaƙi, ko aka ajiye maka takardar albashi mai tsoka, ba ranar fara tunani ba ce. Haber bai rasa ƙwaƙwalwa ba, bai rasa himma ba, bai kuwa rasa son jama'arsa ba. Iyakar nan ce bai yanke wa kansa ba tun da sauran lokaci.